Ruwan Bagaruwa da Ƙodar Babana

Da sunan Allah nake farawa. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, saboda akwai laifina a cikinsa. Amma tun da Baba ya dawo gida mutane suke tambayata abin da ya same shi, kowa kuma da irin labarin da ya ji, shi ya sa na ga gara in faɗa da kaina, ko wani ya tsira.

Sunana Hauwa. A unguwarmu ta Abakpa kowa Dakta yake ce mini, ban da Baba da ke kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ni ba likitar asibiti ba ce. Malamar jami'a ce, kuma sama da shekara goma ina bincike kan ƙananan halittun da ke zaune a hanjin mutum, waɗanda ido ba ya gani. Yawancinsu masu amfani ne, su suke taya mu narka abinci, su kuma hana miyagun samun wurin zama. Aikina shi ne in ga yadda sinadaran da ke cikin itatuwanmu suke taɓa su. Na yi wa 'yan uwa wannan bayani har na gaji, amma duk wanda cikinsa ya murɗa ni yake bugo wa waya.

Baba baduku ne, takalma da jakunkuna ya ɗinka har idonsa ya yi rauni. Bai yi boko ba, amma bai taɓa gajiya da jin labarin aikina ba. Wata Juma'a da damina na je gida cike da murna, na same shi a zaure, na ce masa abin da na tace daga 'ya'yan bagaruwa ya hana wata muguwar ƙwayar cutar hanji yaɗuwa a cikin farantin gwaji.

"Bagaruwar nan da majema suke jiƙa fata da ita?"

"Ita fa, Baba."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce shekara nawa yana shaƙar warinta a jikin fata bai san da magani yake aiki ba. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai, na tashi na shiga wajen Inna. Ban gaya masa cewa farantin gilashi daban, cikin mutum daban ba. Ban gaya masa cewa abin da na ɗiga bai kai ɗigon hawaye ba, ko cewa da sauran shekaru kafin a san ko mutum zai iya sha. A wurina wannan abu ne da kowa ya sani.

Bayan kamar wata biyu zazzaɓi ya kama shi. Mai kemis na bakin layi ya ce taifod ce, ba tare da an auna jini ba, ya ba shi kafso na kwana bakwai. Da zazzaɓin bai tafi ba ya canza masa wani mai ƙarfi, ya haɗa masa da maganin ciwon gwiwa da ya saba sha. Ban ji labarin ba sai da gudawa ta fara. Inna ce ta kira ni ina ofis.

"Babanku tun shekaranjiya yake zarya bayan gida."

"A ba shi ruwan gishiri da sukari, Inna. Zan shigo Asabar."

Ban shigo Asabar ba. Ina gida a Malali ina gyaran rubutun binciken da zan aika, wa'adi ya matso, ga takardun ɗalibai jibge a kan tebur. Daga Malali zuwa Abakpa ba wata tafiya ba ce, hawa keke mai ƙafa uku sau ɗaya ne. Kullum nakan buga waya, shi kuma ya karɓa ya ce, "Da sauƙi, Uwata, yi aikinki." Na yarda da shi don ina son in yarda.

A sati na biyu na je. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma yana zaune yana jan carbi, ya ce gudawar ta ragu. Da Inna ta nuna mini fankon kwalayen kafson da ya sha, na karanta sunayen da ke jikinsu. Wannan fannina ne. Na san irin magungunan nan ba sa tantancewa, sukan share masu amfanin da ke hanji tare da miyagun, sai wata muguwar da ba ta jin maganin ta samu fili ta yaɗu. Na ce a daina duk wani kafso, gobe mu je asibiti. Baba ya ce a bari zuwa jibi, yana jin ƙarfi na dawowa. Na ga wata tsohuwar tukunya a kan murhu a bayan ɗakinsa, bakinta ya yi baƙi. Na ɗauka ruwan wanka ake dafa masa, ban tambaya ba.

Jibin bai zo ba sai da aka ƙara kwana biyar. Yayana Sani, wanda yake walda a Mando, shi ne ya kira ni da hantsi.

"Hauwa, ki zo ki ga ƙafar Baba. Kuma Inna ta ce tun jiya da safe bai yi fitsari ba sai ɗan kaɗan, kamar ruwan shayi."

Na tarar ƙafafunsa sun kumbura har takalmin da ya ɗinka wa kansa ba ya shiga. Na danna ƙwaurinsa da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Yana ta shaƙuwa, yana amsa gaisuwa a hankali kamar mai jin barci. Muka ɗauke shi a motar maƙwabci.

Ba zan ambaci sunan asibitin ba, domin akwai waɗanda suka yi mana alheri a ciki, akwai kuma waɗanda har yanzu ina ƙoƙarin yafe musu. Mun isa kafin azahar. Layin yankan kati ya fito har waje, mai yankan ya tafi cin abinci ya rufe tagar. Babu keken ɗaukar majiyyaci, Yaya Sani ne ya goya Baba daga mota zuwa benci. Mutumin da ya goya mu muna yara, ga shi a bayan ɗansa kansa na lilo. Sai bayan la'asar muka ga likita. Aka rubuta gwajin jini, aka ce na'urar asibitin ta lalace, sai a waje. Na hau keke da kwalbar jinin Baba a cikin jakata, ina riƙe da ita da hannu biyu, ruwan sama yana shigowa ta gefe.

Washegari wata likita, mace ce da ba za ta girme ni ba, ta duba takardar sakamakon ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta ce akwai wani datti a jini da ake kira kiriyatinin, wanda ƙoda ke fitarwa, nasa ya hau sosai.

"Ƙodarsa ta gaji, amma ba ta mutu ba," in ji ta. "Abin da za mu sani a kwanakin nan shi ne ko za ta farfaɗo."

Wannan maganar na riƙe. Nakan maimaita ta a raina a kan layi, a cikin keke, har a sujada.

Ta juya wajen Baba. "Baba, ban da magungunan kemis, me kuma ka sha?"

Ya mai da kallonsa ga rufin ɗaki. Inna ta dube shi, ta dube ni, ta gyara mayafinta.

"Malam, ka faɗa mata mana," ta ce a hankali. Da bai yi magana ba sai ta ce, "Bagaruwa yake dafawa, likita. Ya cika tukunya ya tafasa har ruwan ya yi kauri. Kofi guda da safe, guda da rana, guda da yamma. Yau kwana goma sha."

 Na dafa ƙarfen gadon.

"Wa ya ba ka shawarar?" in ji likitar.

"Ni na ba kaina," in ji Baba. Bai kalle ni ba.

Ta rubuta, ta wuce gado na gaba. Na tsaya nan. Na bar tsoho mara lafiya ya rufa mini asiri, kuma na wuni a haka. Sai washegari da safe na tare ta a baranda na gaya mata ko ni wace ce, da aikin da nake yi, da abin da na faɗa masa a zaure. Na zaci za ta yi mini faɗa, har na so ta yi. Ta ce ba za ta iya ce mini abu ɗaya ne ya jawo ba. Gudawa ta tsotse ruwan jikinsa, maganin gwiwar nan yana taɓa ƙoda, sannan ga ruwan bagaruwa mai kauri a kai.

"Amma ita ce ta ƙarasa?" na tambaya.

"Ban sani ba. Ke ma mai bincike ce, kin san ba zan faɗi abin da ban auna ba."

Na ce mata ina zargin muguwar ƙwayar nan da ke biyo bayan kafso, a gwada bayan gidansa. Ta ce ita ma ta yi tunaninta, amma ba su da kayan gwajin. Na ce ni zan ɗauka in kai ɗakin bincikenmu, ina da duk abin da ake buƙata.

"A'a," ta ce. "A nan ke 'yar majiyyaci ce. In kin gwada da hannunki, ko me kika gani ba za ki yarda da shi ba, ni ma ba zan iya aiki da shi ba." Ta rubuta mini sunan wani wurin gwaji. Na ji haushinta a lokacin. Daga baya na gode mata.

Sati na huɗu shi ne mafi wuya. Fitsarin bai ƙaru ba duk da ƙarin ruwa. An rataye wata leda a gefen gado inda yake taruwa, muka koma ba mu da abin kallo sai ita. Inna da ba ta iya karatun boko ba ta koyi gane layukan da ke jikin ledar. In na shigo kafin in yi sallama za ta ce, "Bai kai layi na biyu ba." Baba ya fara rikicewa, yana kiran Yaya Sani da sunan baffanmu, ƙaninsa da ya rasu tun muna yara, yana cewa a miƙo masa basilla ya yi ɗinki.

Aka ce sai an yi masa wankin ƙoda. Na'urorin ba su da yawa, masu jira kuwa sun cika baranda, wasu daga ƙauyuka masu nisa da tabarmansu da kwanukansu. An sa mu ranar Talata, wuta ta ɗauke, janareto bai tashi ba, aka ce mu dawo Laraba. Ranar Laraba wata ma'aikaciya ta daka wa Inna tsawa don ta tsaya a bakin ƙofa, a gaban mutane, kamar yarinya. Inna ta koma ta zauna. Amma a ɗakin nan ne kuma wani ma'aikacin jinya, dattijo mai furfura, yake gyara wa Baba kwanciya da hannunsa, yana yi masa hira da Zazzaganci, yana tuna masa lokacin salla ko da Baba ba ya ganewa. Ban san sunansa na gaskiya ba, kowa Baba Nas yake ce masa. Allah ya saka masa da alheri. Game da kuɗi ba zan yi dogon bayani ba. Komai saye ake yi, har safar hannu da auduga. Yaya Sani ya rabu da babur ɗinsa bai gaya wa kowa ba, sai da na gan shi yana sauka daga keke.

'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba, kowa da maganinsa. Wani ya ce fitsarin raƙumi, wata ta ce sammu ne daga tsofaffin abokan sana'a. Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, ta zo da gora a cikin zaninta, ta jira likita ta fita sannan ta fito da ita.

"Saiwa ce daga wajen wani mutumin kirki, wanke ƙoda take yi tas. Ɗaga mini kansa, Hauwa."

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba abin da zai shiga bakinsa sai abin da likita ta ce."

"Ke da kike aikin itatuwa? Ba ke kika ce bagaruwa magani ba ce? Duk Abakpa an ji."

Masu jinyar gadon kusa suka juyo. Na ce, "Ni na faɗa, Gwaggo. Ga inda ta kawo mu." Na karɓi gorar daga hannunta, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na fita na zubar a magudana. Ta yi fushi ta tafi ba sallama. Bayan kwana biyu ta dawo da kunun gyaɗa ga Inna, ta zauna tana yi wa yayanta fifita har yamma, ba ta sake ɗaga maganar ba. Ni ma ban ɗaga ba.

A kwanakin nan na daina zuwa ɗakin bincike. Abokiyar aikina ta kira ta ce rubutun da na aika ya samu karɓuwa, sai 'yan gyare-gyare. Na ce mata to, na kashe wayar. Na ƙudurta a raina in Baba ya rasu ba zan ƙara taɓa farantin gwaji ba, in koma koyarwa kawai. In ya tashi ma ban ga da wane ido zan koma ba.

Sakamakon bayan gidan ya fito, ƙwayar da muke zargi ce. Aka sa masa maganin da ya dace da ita, gudawar ta fara tsayawa. Sau uku aka yi masa wanki. Bayan na ukun, wata safiya a sati na biyar, na shigo da abin karyawa na tarar Inna tsaye a gefen gado.

"Ya wuce layi na huɗu," ta ce.

Na durƙusa na duba da kaina. Ban taɓa zaton zan yi kuka don ganin fitsari ba. Likita ta ce kada mu yi saurin murna, a ga jini tukuna. Dattin nan ya fara sauka, kaɗan-kaɗan, wata rana ya tsaya, wata rana ya ɗan hau, hankalina ya bi shi sama da ƙasa. Hankalin Baba ya dawo. Abin da ya fara nema shi ne a gaya masa salla nawa ake binsa.

An sallame mu a ƙarshen sati na shida. Ƙodar ba ta koma yadda take ba, kuma likita ta ce ba za ta koma ba. An hana shi gishiri mai yawa, an hana shi maganin gwiwar nan har abada, duk wata kuma sai mun kai shi a auna jini. Har yau duk ranar da za mu karɓo sakamako ba na iya cin abinci.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. Kada ka sha kafso don mai kemis ya kalli idonka ya ce taifod ce. In gudawa ta biyo bayan irin magungunan nan, ko ta wuce kwana biyu ga tsoho, a tafi asibiti. A riƙa lura da fitsarin majiyyaci, in ya ragu ko ƙafa ta kumbura kada a jira jibi. A gaya wa likita duk abin da aka sha, har na tukunya. Ban ce itatuwanmu ba su da magani ba, ai rayuwata na ba wa neman sa. Amma abin da ke da ƙarfin kashe cuta yana da ƙarfin yin ɓarna, kuma ba a san iyakarsa da kofi. Ku kuma 'yan uwana masu bincike, in za ku kai labarin aikinku gida, ku kai shi har ƙarshe. Iyayenmu ba sa jin maganarmu kamar yadda abokan aiki suke ji. Su gaskata mu suke yi.

Bayan mun dawo da sati guda na same shi a zaure da rana, an shimfiɗa masa tabarma, ya miƙe ƙafafunsa da suka saɓe. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Na daɗe ina shirya maganar, amma da na buɗe baki sai tambaya ta fito.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini kana sha ba?"

Ya juya carbinsa sau biyu ko uku.

"So na yi sai na warke tukuna," ya ce. "In fito majalisa in ce musu maganin Uwata ne ya tashe ni."

Na sunkuyar da kai, na ce ya yafe mini. Ya ce shi bai ga abin yafewa ba, ni ban ɗora tukunya ba, ban kuma ba shi kofi ba. Sannan ya tambaye ni yaushe rabona da wajen aiki. Na gaya masa gaskiya, na kuma gaya masa ba na jin zan koma.

Ya lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke shi.

"To in kin bari, wa zai gaya wa mutane iyakar abin da za su sha?" ya ce. "Ni dai na gwada na gani, kofi uku ya yi yawa. Ki je ki nemo sauran."

Na yi dariya hawaye na zuba. Ranar Litinin na koma.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba duk masu jinya haƙuri, ya tashi kafaɗun waɗanda muka baro a barandar nan suna jiran layi.